Sunan da Na Kira Ranar Gobara

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun da hantsi bangon ɗakina yake ɗaukar zafi, kafin azahar ko jingina da shi ba a iya yi. Jikokina suna ta ƙorafi, wai tun da aka yi duniya ba a taɓa irin wannan rana ba. Ni dai dariya nake yi musu, domin azumi zagayawa yake yi, wanda Allah Ya ba tsawon rai zai ga ya dawo lokacin da ya taɓa samunsa. Ni ga shi ya dawo ya same ni. Rabona da azumi a irin wannan zafi shekara talatin da 'yan kai ke nan, muna can ƙauyenmu na kusa da Dauran, tun kafin rashin tsaro ya kwaso mu ya zube a Ƙauran Namoda.

Ɗana na fari ma'aikacin kwana-kwana ne, masu kashe gobara. Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, mahaifin maigidana, saboda haka kunyar ta zama biyu a kaina. A gida Baba Ƙarami ake ce masa, ni ko wannan ɗin ba na faɗa, sai dai in ce "yaron nan", alhali yanzu furfura ta cika masa gemu. Ko a addu'a haka nake cewa, Allah Ya san wanda nake nufi. A duk rayuwata sau ɗaya sunan ya taɓa fita daga bakina, kuma har yau in na tuna sai na ji fuskata ta yi zafi.

Shekaranjiya bayan la'asar ya shigo gaishe ni, daga wurin wata gobara da ta tashi a rumfunan masu katako. Idanunsa jajur, rigarsa sai warin hayaƙi. Ya durƙusa ya tambaye ni jiki da azumi, na amsa. Ya zauna a bakin tabarma, can sai ya ɗago ya sake tambayata jiki da azumi, kamar yanzu ya shigo. Na miƙa masa mafici, amma gabana ya faɗi, don na san irin wannan kallon. Na taɓa ganinsa a fuskarsa tuntuni, yana saman rufewar hatsinmu ta ƙauye.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar da ta gabaci wancan azumi. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, abin da aka girbe bai kai rabin na kullum ba. Gidanmu babba ne. Ga surukina Baba Tsoho da matarsa Inna, ga mu da yara, ga Kulu ƙanwar maigidana da ta dawo gida zaman takaba ba ta koma ba. Kafin watan azumi ya kama rumbunan kara duk sun zama wayam, saura rufewa guda, wato babban rumbun laka da ke bayan ɗakin Baba Tsoho. A cikinta abincinmu yake har zuwa kaka, a cikinta kuma irin shuka yake. Baba Tsoho kaɗai ke ba da izinin buɗe ta, Inna ta auna da ƙwaryarta, ta shafe bakin ƙwaryar da tafin hannu don kada ƙwaya ta yi tozo.

Rijiyar gari ta ja baya, sai an zura guga an jira ta tara. Da mun yi sallar asuba mu mata sai mu ɗauki tuluna mu nufi gulbi, mu tona yashi mu zauna muna kwalfa da ɗan ƙoƙo. Kafin mu dawo rana ta fito, ƙasa ta fara cin tafin ƙafa. Daga nan sai sussuka da daka, bakinka a bushe, harshe ya yi kauri. Da azahar gari yakan yi tsit, ko kaji sun buɗe baki a gindin randa. Maza su jiƙa zane su lulluɓa a ƙarƙashin darbejiya, kafin su juya ya bushe. Wani lokaci hadari ya haɗu a gabas, mu yi ta kallo, iska ta taso ta watsa shi. Buɗa-baki kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa da ɗan hoce, sahur kuwa ɗumamen tuwon dawa. Yanzu jikokina ƙanƙara suke jira, in ba a kawo wuta ba su ce azumi ya yi tsanani.

Ni 'yar Ƙaura ce, mahaifina malami, shi ya sa a ƙauyen 'Yar Malam suke ce mini. Na shiga gidan da niyyar kada a ce 'yar birni ba ta san kunya ba, har na wuce su ma. Ban taɓa haɗa ido da Baba Tsoho ba. In yana tsakar gida, ta bayan ɗakuna nake zagayawa. Yaron nan kuwa tun da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita yake ce wa Inna, ni Adda yake ce mini kamar yadda Kulu take faɗa. Ko zazzaɓi yake yi ba na leƙawa, sai dai in dafa abin da zan dafa in ba Kulu ta kai, in tsaya a bayan darnin kara ina saurare. Mata suna yabona a kan haka, ni kuma ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. A shekarar da nake ba da labari ya zama saurayi, ya fi ubansa tsawo, kuma a duk unguwar babu mai ɗaurin jinka irinsa. Kowace bazara shi ake kira ya hau rumbu ya ɗaure hular ciyawa kafin iskar farkon damina.

Ranar da abin ya faru, azumi ya yi nisa, kowa ya riga ya gaji. Rana ta take, babu ko motsin ganye, sai ga guguwa ta taso daga gabas. Wai toka ce aka zubar a juji da sauran garwashi a ciki, ba a taɓa tabbatarwa ba. Kafin a ankara darnin gidan farko ya kama. Kowane gida da darnin kara aka kewaye shi, kowane ɗaki da jinka, komai ya bushe ƙayau. Wuta ta riƙa tsallaka gida zuwa gida tana ƙara kamar ana sussuka.

A wancan zamani babu wata motar kashe gobara da za ta zo mana. Abin da aka sani shi aka yi. Maza suka faɗa wa darni suna tumɓukewa don a yanke wa wuta hanya, wasu suna bugu da ɗanyen reshen darbejiya, wasu suna watsa ƙasa. Mu mata muka jeru daga rijiya muna miƙa tuluna hannu da hannu. Da farko aikin yana tafiya da tsari, ana jin muryar manya, ana bin umarni. Amma zafin sama ga na wuta, ga ciki babu ko ɗigon ruwa tun asuba, ba a daɗe ba mutane suka fara zama wasu iri.

Na ga abubuwa a ranar waɗanda in ba da idona na gani ba da ban yarda ba. Maigidana mutum ne mai natsuwa, wanda ba ya ajiye fartanya sai inda ya saba. Ya faɗa ɗakinmu don ya ɗauko abin da za a tsira da shi, ya fito rungume da faifai da tsintsiya, ya kai su can nesa ya ajiye a hankali. Wasu maza suka yi ta juye ruwan da muka sha wuyar kawowa a kan wani rumbu da kowa ya san babu komai a cikinsa. Ni kaina sai da Kulu ta girgiza ni na gane tulun da nake ta miƙawa gaba babu ruwa a ciki, kuma ban san tun yaushe ba. Zufa ta daina fito mini, kaina yana sarawa, muryoyi suna zuwa kamar daga ƙasan rijiya.

Liman ya bi layi yana cewa, "Jama'a, wanda yaj ji ba shi iyawa shi sha ruwa, shi rama daga baya. Addini bai ce ku kashe kanku ba." Kowa ya gyaɗa kai, babu wanda ya sha. Wasu kunyar a ga sun karya azumi ce ta hana su, wasu kuma na tabbata maganar ba ta shiga kansu ba.

Da wuta ta doso gidanmu, Baba Tsoho ya tsaya a tsakar gida da sandarsa. Ya ce, "Ku bar ɗakuna, ɗaki ana sake shi. Hatsi za mu tsarewa. Ƙarami, hau ruhewag ga, ka kwance igiya ka turo jinka ƙasa." Haka ake yi. In aka cire hular ciyawa, laka ba ta cin wuta, sai a rufe bakin da murfi a bar ta. Yaron nan tun tashin gobara yake gaban wuta yana tumɓukar darni, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin, amma bai yi musu ba, ya kafa tsani ya hau.

Na shigo da tulu a kai na hango shi a sama. Da farko na ɗauka aikin yake yi, don hannayensa suna ta motsi da sauri. Sai na lura jinkar ba ta motsa ba. Ashe ɗaurewa yake yi. Ya kwance igiyar, sannan hannunsa ya koma ga abin da ya saba yi kowace shekara, yana zagayawa yana ja yana ƙullewa, ɗauri mai kyau irin wanda ake yabonsa a kai. Wuta ta riga ta kama ɗakin Baba Tsoho, iska tana kaɗo harshenta wajen rufewa, tartsatsi yana sauka a ciyawar da yake durƙushe a kai.

Maza suna ta kira. "Ƙarami, sauko. Baba Ƙarami, bari, sauko." Ubansa ya kira, kakansa ya kira, Inna tana kuka tana kira. Ko waiwaye bai yi ba. Idonsa a buɗe, amma babu kowa a cikinsa. Tsanin ya kama da wuta, babu mai iya hawa. Gefen jinkar ya fara hayaƙi.

Ban san lokacin da na saki tulu ba. Ban san mayafina da ɗankwalina sun faɗi tun a hanya ba. Na ji dai wata murya ta tsaga tsakar gidan da sunan nan, cikakke, yadda aka raɗa shi ranar suna, kuma sai da ta fita na gane tawa ce. Na tsaya kai ba ɗankwali, a gaban mazan unguwa, a gaban Liman, ina ƙwala sunan ɗana na fari, wanda kuma shi ne sunan surukina.

Baba Tsoho, da yake shi ma zafin ya taɓa shi, sai ya juyo ya ce, "Na'am."

Yaron nan ma ya juyo. Hannunsa ya tsaya. Ya dube ni, ni ma na dube shi, ido cikin ido, abin da ba mu taɓa yi ba tun yana goye. Na ce masa ya diro, ya diro. Ubansa da wani maƙwabci suka tare shi suka ja shi, ko taku biyu bai yi ba ya zube. Bayansa jinkar ta kama gaba ɗaya, kuma saboda ɗaurin ya yi kyau babu sandar da ta iya ture ta. Ta ci a wurin, ta rufta cikin hatsi.

Aka kwantar da shi a gindin darbejiya, ana zuba masa ruwa, ana yi masa fifita. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke. Liman da kansa ya ɗaga kansa ya ɗura masa ruwa, ya ce zunubin a wuyansa in akwai. Sai da rana ta yi sanyi ya buɗe ido. Ni a lokacin ina bukkar maƙwabta da wuta ba ta kai ba, Kulu ta yafa mini zanenta, na cusa kai tsakanin gwiwoyi. Hankalina ya dawo, kuma da ya dawo sai na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ina jin an ce ya farfaɗo na yi hamdala, amma ban iya fita ba.

Washegari aka tone abin da ya rage a rufewar. Na sama ya zama gawayi, na ƙasa ya yi ja ya ƙone rabi. Muka sheƙe, muka wanke, muka shanya. Furarsa baƙa-baƙa, tana ɗaci, tana warin hayaƙi, da ita muka ƙarasa azumi, da ita muka yi salla. Irin shuka kuwa ya tafi. Mahaifina ya aiko da ɗan abin da ya samu daga Ƙaura, dangin Inna na Gurbin Bore suka kawo dawa a kan jaki. Ruwan farko ya sauka a kan toka, gari ya yi wani wari da har yau in na ji ana kashe murhu da ruwa sai ya dawo mini. Muka yi shuka da ciki a ɗaure. Tsakiyar damina ta fi komai wuya, gona ta yi kore shar amma tukunya babu abin sawa. Tafasa da rama muka yi ta kwaɗawa, wani lokaci da ƙuli-ƙuli, wani lokaci gishiri kawai. Dusa da a da ta awaki ce muka tankaɗe muka tuƙa. Maza suka yi mana gayya aka ta da ɗakuna. Ranar da aka gasa tumun farko, Inna ta murza ta ba yara, ta juya baya tana share hawaye.

Duk tsawon wannan wahala, abin dariyar garin ni ce. In na je gulbi sai mata su fara tari. Kulu kuwa ba ta raga mini ko kaɗan. Ta ce, "Ashe kin san sunan, 'Yam Malam? Mu muna nan muna cewa ba a koya muku shi Ƙaura ba." In ta so tsokana sai ta tsaya a bayana ta maƙe murya irin ta tsoho ta ce "Na'am", yara su fashe. Na yi kwanaki ban fito tsakar gida ba, har Baba Tsoho ya aiko Inna. Ta ce, "Ya ce ki hito ki sha iska, shi bai ji komi ba." Mutumin da duk unguwa ta ji ya amsa. Wannan karamcin nasa ya ƙara mini kunya fiye da dariyar Kulu, har ya bar duniya ban sake yarda mun haɗu a hanya ba.

Abu guda na lura da shi daga baya. Da yake kowa ya samu labarina yana ci, babu wanda ya tsaya kan maganar wanda ya ɗaure jinka. In an zo wurin sai a ce wuta ce ta riga shi, a wuce zuwa ga 'Yar Malam da kanta ba ɗankwali. Ban sani ba ko manya ne suka shirya haka, ko Allah ne Ya rufa asiri. Na bar su suna dariyar. Amma tsakanina da yaron nan sai na ƙara ja baya. Ina ganin kamar duk lokacin da ya dube ni yana tuna yadda na tsaya ina ƙwala masa kira, sai in sunkuyar da kai. Haka muka yi shekaru, ya yi aure, ya shiga aikin kashe gobara, ya yi 'ya'ya, muka yi hijira, maigidana ya rasu, Kulu ta rasu.

Shi ne shekaranjiya yaron nan yana zaune yana fifita, can ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Adda, ki yi haƙuri, na gaishe ki ko?"

Na ce, "An gaishe ni." Haka nake yi masa magana, ina kallon bango.

Ya yi ɗan murmushi. "Zahi na. In ya kai wani wuri sai kai shi ɗauke. Shi yas sa wurin aikinmu ba a barin mutum shi daɗe gaban wuta, sai a jaye shi a sa wani, ko yana rantsuwa lahiya lau yake. Wanda zahi yat taɓa ba shi sanin ya taɓa shi. Kamar ran gobarar gida. Ni tun da nih hau tsani ban san komi ba, sai dai nig gan ni gindin darbejiya Liman na ba ni ruwa."

Na ce, "Ba a tuna komi?"

"Komi. Na dai ji ana hwaɗi wai kin kira ni. Gwaggo Kulu har ta rasu tana ba ni labarin, tana kwaikwayo." Ya juya maficin a hannunsa. "Kowa ya ji, Adda, ban da ni."

Ya faɗe shi da dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Shekara talatin ina ɓoye fuska saboda abin da nake zaton yana ɗauke da shi, ashe ba ya wurinsa. Mutanen da suka ji kusan duk sun mutu, wanda aka kira kuma bai ji ba.

Ya tashi ya ce zai leƙa wurin gobarar kafin magariba, kada wutar ta sake tashi a ƙarƙashin katako. Ya je bakin ƙofa yana sa takalmi. Takalmi ne da ake zurawa a wuce, amma ya daɗe wurin sa shi, yana gyarawa, yana kakkaɓewa, bayansa yana wajena. Babu kowa a gidan, yara sun tafi sayen ƙanƙara. Babu suruki, babu Liman, babu Kulu, ɗankwalina yana kaina. Na buɗe baki. Sunan ya zo har kan harshena, na ji nauyinsa.

Na ce, "A sha ruwa lahiya."

Ya ce, "Amin, Adda," ya fita.

Wancan karo zafi ne ya ɗauke mini hankali na kira shi, na yi shekaru ina jin kunyar abin. Wannan karo ina cikin inuwa, hankalina cikakke, na kasa, kuma kunyar da na ji ta fi waccan ciwo. Na zauna ina sauraren babur ɗinsa har ƙararsa ta ɓace. Maficin yana nan a bakin tabarma inda ya ajiye shi, ban ɗauke ba.